Konstantin, Sarkin Rum da Ya Mai da Lahadi Ranar Hutu

Ya ku ɗalibai, ku ɗaga kai ku dubi kalandar da ke rataye a bangon ajinku. Za ku ga watanni goma sha biyu, daga Janairu zuwa Disamba. Za ku ga kowane mako yana da kwana bakwai, kuma sau da yawa ana rubuta ranakun Lahadi da jan tawada. Idan kuka gwada kalandar bara da ta bana, za ku tarar Kirsimeti tana nan a 25 ga Disamba, amma hutun Ista ya sauya wuri. Da wannan kalanda ake buɗe makarantarku, da ita ake sa ranar jarrabawa, da ita kuma ake biyan ma'aikata albashi, ko Musulmi ne su, ko Kirista, ko masu addinin gargajiya.

Mutane da yawa ne suka sa hannu wajen tsara ta, cikin ɗaruruwan shekaru. A wannan darasi za ku karanta tarihin ɗaya daga cikinsu, wato Konstantin, wanda ya yi sarauta a Daular Rum daga shekarar 306 zuwa 337. Shi ne sarkin Rum na farko da ya karɓi addinin Kirista. Soja ne kuma ɗan siyasa, yana da halaye na yabo da na zargi, kuma za ku ji duka biyun.

Daular Rum da Kiristocin farko

Daular Rum ta kewaye tekun Bahar Rum gaba ɗaya. Ta arewa ta kai Birtaniya, ta kudu ta haɗa da Masar da duk gaɓar Afirka ta Arewa, ta gabas kuma ta kai Sham da Falasɗinu. Rumawa gwanaye ne wajen gina hanyoyi. Suna shimfiɗa su da duwatsu domin sojoji da manzannin sarki su yi saurin isa inda aka aike su. Harsuna biyu ne suka haɗa mutanen daular: Girkanci a gabas, Latin a yamma.

A cikin wannan daula aka haifi Yesu Almasihu, wanda Musulmi suke kira Annabi Isa. Mabiyansa na farko sun bi hanyoyin da Rumawa suka gina da jiragen ruwan fatake, suna wa'azi daga birni zuwa birni. Manzo Bulus, wanda yake da 'yancin ɗan ƙasar Rum, ya rubuta wasiƙunsa da Girkanci, kuma ya isa har birnin Rum kansa.

Sai dai hukuma ba ta yi maraba da sabon addinin ba. Rumawa suna bauta wa alloli da yawa, kuma a wurinsu yin hadaya ga allolin da ƙona turare gaban siffar sarki alama ce ta biyayya ga ƙasa. Kiristoci suka ƙi yin haka, sai aka ɗauke su masu taurin kai waɗanda za su jawo wa ƙasa fushin alloli. A shekarar 64, bayan wata babbar gobara a birnin Rum, Sarki Nero ya ɗora musu laifi, ya kashe da yawa. A shekarar 250 Sarki Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya, ya kuma karɓi takardar shaida. Duk da haka yawansu bai daina ƙaruwa ba. Wasu masana tarihi suna kiyasin cewa wajen shekarar 300, kusan mutum ɗaya cikin goma a daular Kirista ne.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Konstantin ranar 27 ga Fabrairu, wajen shekarar 272, a garin Naisus, wanda yanzu ake kira Nish a ƙasar Sabiya. Mahaifinsa, Konstantiyus, hafsan soja ne. Mahaifiyarsa, Helena, 'yar talakawa ce.

A shekarar 284 wani jarumin soja mai suna Diyokletiyan ya hau gadon sarauta. Ya ga daular ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai a shekarar 293 ya raba mulkinta tsakanin mutum huɗu: manyan sarakuna biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, kowanne da mataimakinsa. Mahaifin Konstantin ya zama mataimaki a yamma, yana kula da Birtaniya da ƙasar da yau ake kira Faransa. Kafin ya kai wannan matsayi sai da ya rabu da Helena, ya auri Tiyodora, wadda ta fito daga gidan Maksimiyan, babban sarkin yamma.

Shi kuwa saurayi Konstantin, an kai shi fadar Diyokletiyan da ke Nikomidiya, a ƙasar Turkiyya ta yau. A can ya yi karatu, ya koyi yaƙi da sha'anin mulki. Zamansa a fadar yana da wata manufa kuma: muddin ɗan yana hannun babban sarki, uban ba zai yi tawaye ba.

Yana wannan fada ne aka fara tsanantawa mafi muni da Kiristoci suka sha a hannun Rumawa. Ranar 23 ga Fabrairu, 303, sojoji suka rushe cocin Nikomidiya. Daga nan aka yi shela cewa a rushe majami'u, a ƙone littattafai masu tsarki, a kuma tuɓe Kiristoci daga muƙamansu. Daga baya aka tilasta wa kowa yin hadaya. An ɗaure mutane da yawa, an kashe wasu. Abin ya yi tsanani ƙwarai a Masar, har ya sa Kiristocin ƙasar, wato Kibɗawa, suke lissafin shekarunsu daga 284, shekarar da Diyokletiyan ya hau mulki, suna kiransa zamanin shahidai. Ku riƙe wannan a zuciya, domin za mu sake komawa kansa.

Daga Birtaniya zuwa ƙofar Rum

A shekarar 305 Diyokletiyan da Maksimiyan suka yi murabus. Mahaifin Konstantin ya zama babban sarkin yamma, amma da aka zo naɗa sababbin mataimaka sai aka tsallake ɗansa. Konstantin ya ga zamansa a gabas ya zama haɗari, sai ya bar fadar ya nufi wurin mahaifinsa. An ruwaito cewa yana raunata dawakan da ya bari a kowane zango domin kada masu binsa su sami abin hawa. Ya tarar da mahaifinsa a gaɓar Faransa, suka haye zuwa Birtaniya tare, suka yi yaƙi a arewacinta. Ranar 25 ga Yuli, 306, Konstantiyus ya rasu a birnin Yok na Ingila ta yau. Nan take sojoji suka naɗa ɗansa sarki.

Wannan naɗi ya karya tsarin da Diyokletiyan ya kafa. Kafin shekarar ta ƙare, Maksentiyus ɗan Maksimiyan shi ma ya ƙwace birnin Rum. Masu neman sarauta suka yi yawa, kowa yana ƙulla abota yau ya warware gobe. A shekarar 307 Konstantin ya auri Fausta, 'yar Maksimiyan kuma 'yar'uwar Maksentiyus, amma auren bai hana gaba ba.

A shekarar 312 Konstantin ya ƙetare duwatsun Alfs da rundunarsa, ya shiga Italiya. Ya ci nasara a Turin da Berona, sa'an nan ya doshi Rum. Ranar 28 ga Oktoba rundunonin biyu suka haɗu kusa da gadar Milbiya, a kan kogin Tiber. Mutanen Maksentiyus sun riga sun karya gadar, suka yi wata ta wucin gadi da jiragen ruwa. Da yaƙi ya juya musu baya suka ruga kanta, sai ta karye. Maksentiyus ya nutse a kogin tare da sojojinsa masu yawa. Kashegari Konstantin ya shiga birnin.

Marubuta biyu Kiristoci na zamanin sun ba da labarin abin da ya faru kafin wannan yaƙi. Laktantiyus, wanda ya koyar da ɗan sarkin, ya rubuta cewa an umarci Konstantin cikin mafarki ya zana alamar Almasihu a garkuwoyin sojojinsa. Yusibiyus, bishof na Kaisariya, ya rubuta cewa sarkin da kansa ya gaya masa, bayan shekaru da yawa, cewa ya ga gicciye na haske a sama da tsakar rana. Labaran biyu ba su zo daidai ba, kuma masana suna muhawara a kansu har yau. Abin da yake tabbas shi ne, bayan wannan nasara Konstantin ya fara fifita Kiristoci a fili, daga baya kuma tutar yaƙinsa ta ɗauki haruffa biyu na farkon sunan Almasihu da Girkanci.

Yarjejeniyar Milan

A farkon shekarar 313 Konstantin ya gana da Lisiniyus, ɗaya daga cikin sarakunan gabas, a birnin Milan. Ya aurar masa da ƙanwarsa, suka kuma amince da wata yarjejeniya kan addini. Ta ba Kiristoci da kowa da kowa 'yancin bin addinin da ya zaɓa. Ta kuma umarci a mayar wa majami'u gine-gine da filayen da aka ƙwace, ba tare da sun biya ko kwabo ba.

Ku lura da kyau, yarjejeniyar Milan ba ta mai da addinin Kirista addinin hukuma ba. Haikalin alloli sun ci gaba da aiki. Konstantin kansa ya riƙe muƙamin shugaban limaman addinin gargajiyar Rum har ya mutu, kuma an ci gaba da buga siffar allahn rana a jikin kuɗinsa na wasu shekaru. Ya san yawancin talakawansa da sojojinsa ba Kiristoci ba ne, don haka ya bi a hankali.

Amma kowa ya ga inda zuciyarsa ta karkata. Ya gina babban cocin Lateran a Rum, ya fara gina cocin Bitrus a kan tudun Batikan. Ya ɗauke wa limaman coci wasu ayyukan gari masu nauyi. Ya yarda bishof-bishof su yi shari'a tsakanin masu jayayya, ya kuma halatta mutum ya bar wa coci gado. Ya hana yi wa masu laifi lalas a fuska. Addinin da a da ake shigarsa a ɓoye ya zama hanyar samun kusanci da fada. Mutane suka yi ta shiga, wasu don imani, wasu don neman matsayi.

Afirka ma ta ji tasirinsa. Ya sake gina birnin Sirta wanda yaƙi ya lalata, aka sa masa sunansa. Shi ne birnin Konstantin na ƙasar Aljeriya a yau.

Kalandar da ya gāda

Kafin ku fahimci abin da Konstantin ya yi wa kalanda, ya kamata ku san yadda ya same ta. Tsohuwar kalandar Rumawa ta rikice ƙwarai, har watanni suka daina dacewa da lokutan shuka da girbi. A shekara ta 46 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyus Kaisar ya gyara ta da shawarar Sosijinis, wani masanin taurari daga Iskandariya ta Masar. Aka tsayar da shekara a kan kwana 365, ana ƙara kwana ɗaya a watan Fabrairu sau ɗaya a kowace shekara huɗu.

Sunayen watannin da kuke haddacewa da Hausa duk daga Rumawa suka samo asali. Janairu daga Janus ne, allahn ƙofofi mai fuska biyu. Maris daga Mars ne, allahn yaƙi. Yuli sunan Yuliyus Kaisar ne, Agusta kuma sunan magajinsa Agustus. Satumba, Oktoba, Nuwamba da Disamba suna nufin na bakwai, na takwas, na tara da na goma, domin a zamanin da shekarar Rumawa daga Maris take farawa.

Mako kuwa wani abu ne dabam. Rumawan farko ba su da mako mai kwana bakwai. Kasuwarsu tana ci ne kowane kwana takwas, kamar yadda Ibo suke da zagayen kasuwa mai kwana huɗu, wato Eke, Orie, Afo da Nkwo. Mako mai kwana bakwai ya shigo musu ta hanya biyu. Yahudawa suna hutawa kowace rana ta bakwai, wato Asabar. Masu duban taurari kuma sun raba ranaku bakwai ga rana da wata da taurari biyar. Kiristoci suka riƙe makon Yahudawa, amma suka zaɓi ranar farko ta mako don taron ibada, domin sun gaskata a ranar ce Almasihu ya tashi daga matattu. A lissafin masu duban taurari, wannan rana ita ce ta ranar sama.

Dokar Lahadi

Ranar 7 ga Maris, 321, Konstantin ya kafa doka cewa alƙalai da mazauna birane da masu sana'a su huta a wannan rana. Ya ƙyale manoma su ci gaba da aikinsu, domin shuka ba ta jiran kowa. Bayan 'yan watanni ya ƙara da cewa ana iya 'yanta bayi a ranar, ko da yake sauran shari'u sun tsaya.

Akwai hikima a yadda aka tsara dokar. Ba ta ambaci Almasihu ko coci ba. Ta kira ranar da sunan ranar sama, wadda masu bautar alloli suke girmamawa. Saboda haka Kirista ya sami damar zuwa coci ba tare da ya rasa aikinsa ba, wanda ba Kirista ba kuma bai ga abin ƙi ba. Da wannan doka mako mai kwana bakwai ya shiga tsarin hukuma, tsohon zagayen kwana takwas kuma ya shuɗe a hankali. Sunan ranar a Turanci da Jamusanci har yau yana ɗauke da kalmar ranar sama. Hausa kuwa daga Larabci ta aro sunayen ranakunta: Lahadi tana nufin ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku, haka har Alhamis, ta biyar.

Taron Nikiya da ranar Ista

Abotar Konstantin da Lisiniyus ba ta daɗe ba. Sun yi yaƙi sau biyu, kuma a shekarar 324 Konstantin ya ci nasara ta ƙarshe, ya zama shi kaɗai ne sarkin daular duka. Da farko ya bar Lisiniyus da rai saboda roƙon ƙanwarsa, amma a shekara mai zuwa ya sa aka kashe shi.

A gabas ya tarar Kiristoci sun rabu. Wani limami na Iskandariya mai suna Ariyus yana koyar da cewa Almasihu halitta ne, yana da mafari. Bishof ɗinsa da wasu da yawa suna cewa madawwami ne, ɗaya yake da Uba. Konstantin ya ji tsoron rikicin coci zai zama rikicin ƙasa. A shekarar 325 ya kira bishof-bishof zuwa garin Nikiya, wanda yanzu ake kira Iznik a Turkiyya, ya kuma ɗauki nauyin tafiyarsu. Kimanin ɗari uku suka halarta, wasunsu da tabon azabar da suka sha shekara ashirin da suka wuce. Taron ya ƙi koyarwar Ariyus, ya rubuta bayanin bangaskiya wanda, bayan an faɗaɗa shi a shekarar 381, ake karantawa a majami'u da yawa har yau.

Magana ta biyu ita ce ranar Ista, bikin tunawa da tashin Almasihu. Majami'u ba sa yinsa rana ɗaya. Wasu suna bin lissafin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, wasu suna da nasu lissafin. Yakan faru wani gari yana azumi, maƙwabcinsa yana biki. Taron ya amince duk Kiristoci su yi Ista a Lahadi ɗaya, da lissafin kansu. Ƙa'idar da ta kafu daga baya, bisa lissafin malaman Iskandariya, ita ce: a jira 21 ga Maris, lokacin da tsawon dare da na yini suke daidaita, a jira cikar wata ta farko daga wannan rana, sai a yi Ista a Lahadin da ta biyo baya.

Yanzu kun ga dalilin da ya sa hutun Ista yake motsi tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Ku gwada shi da Sallah. Kalandar Hijira wata kaɗai take bi, shekararta kwana 354 ce ko 355, don haka Sallah tana zagaya rani da damina. Ista tana bin wata, amma an ɗaure ta da lissafin rana, saboda haka ba ta yin nisa. Kirsimeti kuwa rana kaɗai take bi. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikinta ranar 25 ga Disamba daga birnin Rum ya fito, kuma na shekarar 336 ne, lokacin Konstantin yana kan mulki.

Baƙin tabo a gidan sarki

Kada ku ɗauka cewa karɓar addini ya mai da Konstantin mutum mai sanyin hali. A shekarar 326, shekara ɗaya bayan taron Nikiya, ya sa aka kashe babban ɗansa Kirisfus, jarumin da ya jagoranci jiragen ruwansa a yaƙin Lisiniyus. Ba da daɗewa ba matarsa Fausta ita ma ta mutu, kuma marubutan da suka zo daga baya sun ce da umarninsa ne. Aka goge sunayensu daga jikin gine-gine. Fada ba ta taɓa bayyana laifinsu ba.

Bayan wannan masifa mahaifiyarsa Helena, tana da shekara kusan tamanin, ta yi tafiya zuwa Falasɗinu. Da dukiyar sarki aka gina coci a Baitalami, inda aka haifi Almasihu, da wani a kan Dutsen Zaitun. Konstantin ya kuma ba da umarnin gina babban coci a Urushalima, a wurin da Kiristoci suka gaskata nan ne kabarin Almasihu. An buɗe shi a shekarar 335. Tun daga lokacin masu ziyarar ibada suke tururuwa zuwa waɗannan wurare, har da 'yan Nijeriya a zamaninmu.

Sabon birni da rasuwarsa

Konstantin bai cika zama a birnin Rum ba, domin ya yi nisa da iyakokin da ake yaƙi. Ya zaɓi wani tsohon garin Girkawa mai suna Bizantiyum, a bakin mashigin ruwan da ya raba Turai da Asiya. Ya faɗaɗa shi, ya kewaye shi da ganuwa, ya ƙawata shi da fada da filin tseren dawaki. Ranar 11 ga Mayu, 330, aka yi bikin buɗe shi, aka kira shi Konstantinoful, wato birnin Konstantin. Larabawa suna ce masa Ƙusɗanɗiniyya. Ya zauna hedikwatar Rumawan gabas fiye da shekara dubu, har Turkawa suka ci shi a shekarar 1453. Shi ne Istanbul na yau.

A shekarar 337, yana shirin yaƙi da Farisa, rashin lafiya ya kama shi. Har zuwa lokacin ba a yi masa baftisma ba. Jinkirta ta ba baƙon abu ba ne a zamanin, domin mutane da yawa suna so ta wanke musu zunuban rayuwa duka gab da mutuwa. Ya so a yi masa ita a Kogin Urdun, amma jiki ya ƙi. Bishof na Nikomidiya ya yi masa baftisma, ya tuɓe rigar sarauta ya sa fararen tufafi. Ya rasu ranar 22 ga Mayu, 337. Aka binne shi a Konstantinoful, 'ya'yansa uku suka raba daular.

Abin da ya biyo baya

Hausawa suna cewa sarki goma, zamani goma. 'Yancin addini da aka amince da shi a Milan bai daɗe ba. A shekarar 380 Sarki Tiyodosiyus ya mai da bangaskiyar Nikiya addinin hukuma, bayan shekara goma sha biyu kuma ya haramta hadaya ga alloli gaba ɗaya. Waɗanda a da ake tsananta musu suka zama masu iko, masu bautar alloli kuma suka koma ɓuya. Wannan abin tunani ne ga duk wanda yake zaune a ƙasa mai addinai da yawa kamar tamu.

Lissafin Ista ya ci gaba da gyara kalanda. A shekarar 525 wani malamin coci a Rum mai suna Diyonisiyus yana shirya jadawalin ranakun Ista. Jadawalin da ya tarar yana ƙirga shekaru daga hawan Diyokletiyan, irin lissafin nan na Kibɗawa. Bai so ya ci gaba da tunawa da mai tsananta wa Kiristoci ba, sai ya fara ƙirga daga haihuwar Almasihu. Wannan shi ne asalin lissafin Miladiyya.

Kalandar Yuliyus Kaisar kuma tana da ɗan kuskure. Shekararta ta fi ta gaskiya tsawo da kusan minti goma sha ɗaya, wato kwana ɗaya a cikin shekara 128. A ƙarni na goma sha shida daidaituwar dare da yini ta riga ta koma wajen 11 ga Maris. Domin a mayar da ita 21 ga wata, kamar yadda take a zamanin taron Nikiya, Fafaroma Giregori na 13 ya cire kwana goma a shekarar 1582. Mutane suka kwanta Alhamis 4 ga Oktoba, suka wayi gari Juma'a 15 ga wata. Birtaniya ba ta karɓi gyaran ba sai a 1752. Wannan kalanda ce masu wa'azin mishan da Turawan mulkin mallaka suka kawo Nijeriya, tare da hutun Lahadi. Ita ce a bangon ajinku.

Ma'anar wasu kalmomi

Daula: babbar ƙasa mai mulkin ƙasashe da al'ummu da yawa.
Hadaya: yanka dabba ko miƙa wani abu domin bauta.
Tsanantawa: gallaza wa mutane saboda addininsu ko ra'ayinsu.
Kiyasi: faɗin adadi bisa hasashe, ba tare da ƙirga ba.
Murabus: sauka daga sarauta ko muƙami.
Zango: wurin da matafiya suke sauka su huta.
Lalas: yi wa fata alama da ƙarfe mai zafi.
Yarjejeniya: abin da ɓangarori biyu suka amince su kiyaye.
Ganuwa: katangar da ta kewaye birni.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Konstantin, kuma a wane birni sojoji suka naɗa shi sarki?
2. Me ya sa hukumar Rum take tsananta wa Kiristoci?
3. Ku kawo abubuwa biyu da yarjejeniyar Milan ta ƙunsa.
4. Su wa dokar shekarar 321 ta ƙyale su yi aiki ran Lahadi, kuma don me?
5. Ku bayyana dalilin da ya sa ranar Ista take motsi, ta Kirsimeti ba ta motsi.
6. Ku rubuta sunayen watanni huɗu da Hausa tare da asalinsu.
7. Ku rubuta sakin layi ɗaya da Hausa a kan yadda ake ƙirga ranakun kasuwa a garinku.